Uwar Biyu Tana Dariya

Hajiya Balaraba ba ta jira an gama sallamar mara lafiya ba ta fara guɗa a barandar asibiti. Jikokinta biyu maza take rungume da su, ɗaya a kowane hannu, tana juyi tana nuna wa duk wanda ya gifta, har da mai shara.

"Ku duba mini mazana," take cewa. "Shekara da shekaru ina zawarci ba wanda ya taya, rana guda Allah ya ba ni maza biyu. Malam Hodi, taho ka ga waɗanda za su amshe maka jirgi."

Malam Hodi masunci ne daga Argungu, shi ne mahaifin Nazifa da ta haifi tagwayen. Ya leƙa fuskokinsu ya yamutsa baki. "Waɗanga ragwaye? Ko homar kamun kifi ba su iya ɗagawa. Ki riƙe abinki, Hajiya, ba ni takara da masu barci da rana."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma idonsa na kan ƙofar ɗakin da ’yarsa take. Wannan ne karo na biyu da ake sallamarta cikin wata guda. Da farko tiyata aka yi mata aka ciro yaran. Da aka koma gida Hajiya, uwar mijinta, ta ce mai jego ba ta zama babu wanka, ta sa aka dafa ruwa da ganye aka riƙa fyaɗa mata a jiki safe da yamma, har ɗinkin ya buɗe ya yi ruwa. Aka dawo da ita, aka sake sa ta barci, aka sake ɗinkewa.

Wata ma’aikaciya mai suna Sista Ummu Hani, wadda aikinta shi ne sa mutane barci a ɗakin tiyata, ta fito ta yafito Abdussamadu, mijin Nazifa. Malam Hodi ya matso ya tsaya bayansu kamar mai duba takalminsa. Nazifa ’yar fari ce, bai kamata a gan shi yana rawar jiki a kanta ba.

"Ka saurare ni da kyau," in ji Sista. "Sau biyu muka shaƙa wa matarka iskar barci, kuma kusa da kusa. Ba mu so haka ba, dole ce ta sa. Hanta ce ke aikin wanke wannan magani daga jini. Yawancin mutane ba abin da ke samunsu. Amma akan samu wanda jikinsa ke ɗaukar ragowar maganin kamar abokin gaba, musamman in an maimaita, sai jikin ya juya ya far wa ƙananan ƙwayoyin hantar su yi ta mutuwa. In ka ga zazzaɓi, ko amai, ko idonta ya sauya launi, ka kawo ta a ranar. Kar a ba ta farasitamol, kar a ba ta jiƙe-jiƙe, duk hanta ce za ta ɗauki nauyinsu. Ka ji?"

"Na ji, Sista, in sha Allahu," in ji Abdussamadu. Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga, fuskarsa ta washe. "Awo, biyu! Duk maza. Wallahi ni ma ban san ina da wannan ƙarfin ba."

A bakin ƙofa Malam Hodi ya gwada sa’arsa. Ya ce da Hajiya ko za a bar yarinyar ta je Argungu ta huta, ƙanwarsa za ta kula da ita. Hajiya ta dube shi tana murmushi.

"Gidan da ba uwa, Malam? Allah ya jiƙan mai ɗakinka, amma wa zai riƙe yara biyu? Kuma ka raba ni da mazana tun ba mu gama amarci ba? Ga taron suna na mata da munka ɗage saboda asibiti. Ɗiyarka ɗiyata ce, kwantar da hankalinka."

Keke-napep uku suka ɗauke su zuwa Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi, ana guɗa ana ɗaga wa mutanen hanya hannu. Malam Hodi kuwa ya nufi tasha.

Bayan ’yan kwanaki ya dawo da kwandon busasshen kifi. Tun daga bakin layi ya ji gidan. Mata na shiga suna fita, wata da atamfar anko a kafaɗa, wata da turmi a ka, ana daka ana waƙa. An shimfiɗa masa tabarma a zaure, wurin da suruki ke tsayawa. Aka jima Nazifa ta fito tana dafa bango, ta durƙusa nesa da shi.

"Baba, ina wuni. An zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Zazzaɓi ne kawai, da abinci da ba ya zama."

Ta ɗago kai kaɗan, hasken ƙofa ya faɗa a fuskarta. Farin idonta ya yi wani dishi-dishi kamar tsohuwar takarda. Gabansa ya faɗi. Ya bari ta koma ciki, sannan ya aika a kira masa mijin.

Abdussamadu ya zo yana share gumi, ya dawo daga sayen rago ke nan. "Baba, ka ga dabbar? Sai da mutum biyu sunka kama ta."

"Na gani. Yarinyar nan na zazzaɓi."

"Ruwan nono ne, Baba. Hajiya ta ce duk mai biyu haka take yi. An ba ta farasitamol, yana sauka."

"Ba shi ne matar can ta hana ba?"

Abdussamadu ya sosa ƙeya yana dariya. "Su ma’aikatan asibiti ai komai hanawa suke. Biyu da safe ne, biyu da rana, biyu da yamma, don ta samu ta zauna ta gaisa da baƙi. Mutane daga Zauro, daga Augie, kowa na son ganin Uwar Biyu. Ba ta yiwuwa su tarar da ita kwance."

Malam Hodi ya hau mota ya koma Argungu. Ya shiga ruwa washegari, ya jefa taru, bai san abin da ya kama ba. Ya kasa haƙuri, kafin mako ya zagayo ya sake kama hanyar Birnin Kebbi, ba kifi ba komai.

Wannan karon ba Nazifa ce ta fito ba, Hajiya ce da kanta, hannunta duk lalle, ɗaya daga cikin yaran a kafaɗa.

"Malam, ka cika zarya. Ko kishi kake da angwayena?"

"Na zo duba mai jiki."

Hajiya ta juya ta ƙwala kira. "Uwar Biyu, taho ki nuna ma babanki kanki, ya ga ba mu cinye ki ba."

Da ta fito sai da ya riƙe numfashi. Idon ya zama ruwan gwaiduwa, tafin hannunta ma haka. Tana ta sosa damtsenta. Amma murmushi take yi, wani murmushi mai faɗi da bai san ta da shi ba.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wannan shi ne abin da anka ce in an gani a maida ta asibiti."

"Asibiti?" Hajiya ta gyara riƙon yaron. "Malam, kai da girmanka? Wagga ai shawara ce, ko yaro ya san ta. Kuma duk duniya an san shawara ba ta haɗuwa da allura. Ka kai ta can, su soka mata ƙarfe, shi ke nan sai gawa. Ɗan maƙwabcinmu haka anka yi mishi. Ni na yi shawara har sau biyu, ga ni gabanka. Na aika Zauro an kawo saiwar rawaya mai kyau, ana dama mata cikin kunu. Akwai wani jiƙo da ƙanwata ta haɗo, shi ma tana sha. Ka ga fitsarinta kuwa? Ja wur. Cutar ce ke fita."

"Ma’aikaciyar ta ce maganin barcin ne ke taɓa hanta."

"Barcin da ta yi ta farka tun yaushe? Abin da ya wuce ya wuce. Ba ka ga tana dariya ba? Jiya har waƙa ta yi muna. Mara lahiya na waƙa?"

Nazifa ta ƙyalƙyale da dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. "Baba, Hajiya ta ce in na warke za ta saya mini keken ɗinki mai fiffike."

"Ji ta," in ji Hajiya, ita ma tana dariya. "Ni ban ce mai fiffike ba. Tun da ta haifi yaran ga bakinta ya buɗe."

Daga nan bai nufi tasha ba, ya nemi shagon takin zamani na Abdussamadu a kasuwa. Ya same shi da abokai ana ta yi masa tsiya, wai a ba shi sarautar sarkin noma tun da gonarsa biyu-biyu take bayarwa. Malam Hodi ya ja shi gefe.

"Kai anka yi wa magana, ba Hajiya ba. Matarka ce. Ɗauke ta yau."

Abdussamadu ya sunkuyar da kai. "Baba, ina sane. Amma ka san Hajiya. In na fitar da ita yanzu, ga taro jibi, an yi anko, an gayyato masu kiɗan ƙwarya, mi zan ce ma mutane? Kuma in wani abu ya faru can, Hajiya ba za ta taɓa yafe mini ba. A bari a yi taron. Ana watsewa da kaina zan kai ta, wallahi."

"Hantar za ta jira taro?"

"Ai tana samun sauƙi, Baba. Zazzaɓin ma ya sauka."

Malam Hodi ya tsaya yana kallonsa. Ya ba da ’ya, ba shi da ikon shiga gidan wani ya fito da ita. In ya ɗaga murya a ce masunci ya zo birni yana zubar wa ’yarsa da mutunci a gidan miji. Ya haɗiye abin da ke bakinsa ya tafi.

Washegari da hantsi yana gyaran taru a bakin gulbi wayarsa ta yi ƙara. Nazifa ce. Ba ta taɓa kiransa da kanta ba, sai dai ta ba mijin ya gaishe shi.

"Baba, kana ina? Ka zo ka kwashe kifinka. Sun cika mini ɗaki, suna yawo bisa silin." Ta yi dariya har da shessheƙa. "Akwai wani babba mai gemu, ya yi kama da liman."

A bayanta yana jin mata na shewa, wata na cewa, "Ƙara faɗi, Uwar Biyu, mai gemu kamar wa?" Aka karɓe wayar. Muryar Hajiya ta shigo, cike da nishaɗi.

"Malam, ka ji ɗiyarka ko? Tagwaye ne ke wasa da ita. Ka san halinsu, ba su barin uwa ta zauna lahiya sai an yi musu biki. Da rana ta yi ta barci, in ta tashi ta yi ta ba mu dariya. Gobe ka zo da wuri, akwai naman kai."

Ranar taron layin ya toshe. An kafa rumfa, an jera kujeru, yara na bin mai alewa. Daga cikin gida kiɗan ƙwarya ke tashi, mata na amshi. Malam Hodi na zaune a zaure tare da wasu dattawa, an ajiye musu tuwon shinkafa da bai taɓa ba. Duk lokacin da aka ɗaga labulen ƙofar ciki yakan hango tsakar gida.

A nan ya gan ta. An yi mata kwalliya, an ɗaura mata gwaggwaro, an shafa hoda mai yawa don a rufe launin fuskar. An tsayar da ita tsakiyar fili ana yi mata liƙi. Ta miƙa hannuwanta gaba, sai tafukan suka riƙa faɗuwa suna tashi da kansu, kamar tsuntsun da aka riƙe wa ƙafa.

"Sabuwar rawa!" wata ta ce. "Rawar Uwar Biyu!"

Nan da nan mata suka miƙa hannuwa suna kwaikwayo, suna karkaɗa tafuka, masu kiɗa suka ƙara wuta. Hajiya na gaba, tana yi tana juyi, har ɗankwalinta ya zame. Labulen ya sauka.

Bai daɗe ba aka bankaɗo shi. Nazifa ce ta fito zauren, ba mayafi, gwaggwaron ya karkace, tana tangaɗi. Dattawan suka kawar da kai. Ta zo ta zauna a kan tabarmarsa, gwiwarta na taɓa tasa, abin da ba ta yi ba tun tana ’yar mitsitsiya. Wani wari mai zaƙi-zaƙi na fita daga bakinta. Ta leƙa fuskarsa ta yi dariya.

"Hodi," ta ce. "Hodi mai kifi. Kai ma ka zo bikin? Wa ya haihu?"

Matan da suka biyo ta suka tsaya bakin ƙofa suna riƙe ciki. "Yau tagwaye sun gama da ita, sunan babanta take kira gatsal."

Malam Hodi ya miƙe. Ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa mata, ya sa hannu ya ɗauke ta cak. Ba ta da nauyi. Dariyar matan ta tsaya. Hajiya ta kutso tana haki.

"Malam, mi ke nan? Ina za ka da matar mutane ana tsakiyar taro?"

"Asibiti."

"Ba ka isa ba. Abdussamadu! Zo ka ga abin da surukinka ke yi muna gaban baƙi."

Abdussamadu ya taho da gudu cikin sabuwar shadda, ya tsaya tsakanin uwarsa da ƙofa, ya dubi wannan ya dubi wancan. "Baba, don Allah, saura kaɗan a watse."

"Matsa mini."

Bai matsa ba, bai kuma hana ba. Malam Hodi ya ratsa ta gefensa ya fita. Hajiya ta biyo shi har rumfa tana ɗaga murya don kowa ya ji. "Ku shaida, ina cikin magani ya ɗauke ta. In anka yi mata allura ba ruwana."

Wani mai keke ya tsaya. A hanya Nazifa ta ɗora kai a kafaɗar ubanta tana ’yar waƙa, tana yi tana dariya ƙasa-ƙasa, har muryar ta koma gunguni.

A asibiti aka kira Sista Ummu Hani. Ta buɗe idon Nazifa da yatsa, ta miƙar da hannunta ta ga yadda yake karkaɗawa, ta tambayi yaushe launin ya fara da abin da aka ba ta. Ya faɗa mata duka.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Yawancin hantar ta riga ta mutu. Iskar barcin ce ta fara, magungunan da aka yi ta ɗura mata suka ƙarasa. Dariyar nan da kake ji, dattin da hanta ta kasa wankewa ne ya hau kanta. Da an kawo ta ranar da idon ya fara sauyawa, da muna da abin kamawa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Suka yi. An sa mata ruwa, an ɗebi jini, likitoci sun yi ta shiga da fita. Abdussamadu ya zo bayan an watse, ya tsaya a baranda yana kuka. Nazifa ta yi barci, ba ta ƙara dariya ba, ba ta kuma farka ba. Ba ta kai Juma’a ba.

A ƙofar gidan na Gwadangaji aka yi zaman makoki. Malam Hodi na gefe, mutane na zuwa suna ba shi hannu, wasu na kallonsa ta wutsiyar ido. Ta saman katanga muryar Hajiya na fitowa, tana kuka tana ba matan labari. "Ido ya fara washewa, wallahi. Yarinya na rawa da ƙafafunta, kowa ya gani. Anka zo anka ɗauke ta anka kai ta ga allura."

Da mutane suka ɗan ragu, Abdussamadu ya matso ya durƙusa kusa da shi, idonsa jawur.

"Baba, Hajiya ta ce in faɗa maka kar ka sa komai ga ranka. Ta san ba da gangan ka yi ba, son ɗiya ne. Ta ce ta yafe maka."

Malam Hodi ya juyo ya dube shi.

"Ranar da anka sallame ta, kana tsaye gabana matar can ta yi maka magana."

"Awo, Baba."

"Ka ji abin da ta ce?"

"Na ji."

"To ga mutane nan zaune. Faɗa musu."

Abdussamadu ya dubi dattawan da ke kan tabarma, ya dubi ƙofar da muryar uwarsa ke fitowa. Bakinsa ya motsa. Sai ga wata tawagar masu gaisuwa ta sauko daga mota, ya miƙe da sauri ya tarye su, aka zauna, aka ɗaga hannu ana addu’a.

Malam Hodi ya koma Argungu a ranar. A layin nan na Gwadangaji kuwa, duk gidan da idon wani ya yi rawaya, tsofaffi kan ja kunnen yara da labarin Uwar Biyu, yarinyar da take samun sauƙi har tana rawa, ubanta ya zo ya kai ta aka yi mata allura.